Kifin Kan Dutse a Bokitin Surukina

A garinmu na bakin kogi, can ƙasar Yawuri, ba a cin abinci a gaban suruki. Ba a zama tabarma ɗaya da shi, ba a kallon ƙwayar idonsa, in ka hango shi a hanya sai ka cire takalmi ka durƙusa tun daga nesa. Da wannan tarbiyya na zo Makka karatu, da ita kuma na auri 'yar wani dattijo Bahaushe haifaffen unguwar Jarwal a nan Makka, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Mahaifinsa ne ya zo aikin hajji a ƙasa, ya zauna yana sana'ar tsire. Shi kuwa motar alhazai ya tuƙa har gwiwoyinsa suka gaji, ya koma unguwar Ka'akiyya ya kama gida a saman bene, mu kuma muka samu ɗaki a layin bayansu.

Mutum ne mai faɗin fuska da yawan dariya, irin wanda zai rungume ka a bakin masallaci ya sumbaci kafaɗarka. Ni kuwa da na ji muryarsa a matakala sai in nemi lungu. In aka shimfiɗa ledar cin abinci a gidansa, aka ajiye babban faranti na shinkafa, ya ce, "Ta'al, ya Ustaz, zo mu ci," amsata ɗaya ce kullum: na ƙoshi. Na sha faɗin haka cikina na kuka, in koma gida in cinye burodin safe da ya bushe. Matata ta gaya mini ba sau ɗaya ba cewa mahaifinta yana ɗaukar abin a matsayin ƙyama. Haushi ya riƙa kama ni. Ni da nake ba shi girman da ko ubana ban ba shi ba, a ce wai ina ƙyamarsa? Na ce mata mutanen Makka ne ba su san kunya ba. Ta ce to, ai ita ma mutuniyar Makka ce, na auro ta a haka.

Da karatuna ya zo ƙarshe, takardar zamana ma ta kusa ƙarewa. Surukina ya yi ta aiko mini da labarin aiki, wai limancin wani ƙaramin masallaci, wai koyarwa a wata makaranta a unguwar Aziziyya. Ni kuwa zuciyata tana gida, mahaifiyata ta tsufa, kuma an gina ajujuwa a garinmu ana jiran wanda zai koyar. Matata ta ce za ta bi ni ko'ina, amma ba za ta taka jirgi ba sai mahaifinta ya sa albarka da bakinsa. Ita kaɗai ce 'yarsa mace, kuma ita ke kai masa magani kowace safiya.

Na yi abin da ake yi a wurinmu. Na nemi malamina, dattijo mutumin Sakkwato, na roƙe shi ya je ya nema mini izini. Ya je, ya sha shayi, ya dawo yana murmushi. Ya ce surukina ya saurare shi tsaf, sannan ya tambaya, "Shi Ustaz ɗin ba shi da baki ne?" Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ana cikin tsananin zafin nan na Makka, wanda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, matata ta shigo ta ce mahaifinta ya ce in shirya, gobe bayan asuba zan raka shi kan dutse, wajen Ɗa'ifa. Na tambaye ta su wa da wa. Ta ce ni da shi. Na ce me za mu yi a can? Ta ce ita dai tun tana ƙarama ta san yana hawa duk shekara irin wannan lokaci, da bokitai, ya dawo da taɓo a wando, ba ya ɗaukar kowa. Ta ƙara da cewa ya ji ni ɗan masunta ne. Ta ce ga dama ta samu, in yi masa maganar da bakina.

Da safe na tarar da shi ya tayar da tsohuwar motarsa. Na nufi kujerar baya, ya leƙo ta taga ya ce shi ba direban haya ba ne. Haka na shiga gaba na takure a jikin ƙofa, gwiwoyina a haɗe, idona a kan takalmina. Hanyar hawa dutsen nan murɗe take kamar igiya, ga birai zaune a bakin titi suna jiran a jefa musu abinci. Ya yi ta hira, rabi Hausa rabi Larabci, yana nuna mini inda motarsa ta taɓa mutuwa cike da alhazai, da inda ake sayar da rumman mai kyau. Duk abin da ya faɗa sai in ce, "Haka ne." Sau da yawa maganar tafiyarmu ta taso mini har maƙogwaro, in haɗiye ta. Da muka yi nisa iska ta sauya, wani sanyi ya shigo ta taga wanda na manta akwai irinsa a duniya.

Muka bar kwalta, muka bi wata hanyar tsakuwa har ta ƙare. Daga nan muka sauke kaya: tabarma, ɗan murhun gas, kasko, butar shayi, kwalbar mai, ƙwai da tumatir, da ƙullin yaji da surukata ta saka, sai bokitai biyu da wani tsohon labule mai raga-raga. Muka gangara cikin wani kwari tsakanin duwatsu. A gindin wata bishiya ya ce a shimfiɗa.

A gabanmu akwai wani ɗan kududdufi a cikin dutse, bai fi faɗin ɗakinmu ba. Ka ga alamar inda ruwan ya kai da damina, can sama da kan mutum, yanzu kuwa ya janye bai wuce gwiwa ba, gefensa duk gansakuka. Na leƙa, sai ga kifi. Dariya ta kusa kuɓuce mini. Ni da na tashi ina ganin giwan ruwan da sai mutum biyu ke ɗauka, da tarwaɗa mai kaurin cinya, yau an hau da ni dutse don a nuna mini abin da bai fi ɗan yatsa ba. Launinsu na ƙasa-ƙasa ne da duhu a baya, bakinsu a ƙasa yake, suna manne da dutse suna tsotsar gansakuka, in inuwarka ta faɗa musu su watse, jim kaɗan su dawo. A garinmu irin waɗannan yara ke kamawa da kwando, a soya a ci da gari.

Surukina ya naɗe wando ya shiga ruwan da labulensa. Na miƙe zan karɓa, ya ce, "La, la, zauna ka huta, ya Ustaz." Na ji daɗin umarnin, don ya ba ni damar komawa can nesa, bayan bishiya, inda ba sai mun haɗa ido ba. Daga can nake satar kallonsa. Wallahi ban taɓa ganin kamun kifi mai ban tausayi irin wannan ba. Zai tura labulen, kifin su bi ta ƙasa su wuce, ya ɗago da uku ko huɗu, ya juye a bokiti a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Hannuwana har ƙaiƙayi suke, amma wa zai gyara wa surukinsa?

Rana ta ɗaga kafin ya tara abin kirki a bokitan biyu. Ya fito yana haki, ya kawo ɗaya ya ajiye a inuwa, dab da murhu da kasko, ya rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗayan ya ɗauka ya nufi wata siririyar hanya da ta hau cikin duwatsu. Na ruga zan karɓa, ya ce hanyar tana da santsi kuma ban san ta ba, in zauna da kaya saboda birai. Na so in tambaye shi ina zai kai, bakina ya ƙi buɗuwa. Na tsaya ina kallonsa yana hawa, yana dafa dutse, yana tsayawa yana hutawa, har ya ɓace.

Sai na zauna na yi wa kaina bayani. Can sama na hango wani gida da awaki. A wurinmu in ka yi su a ruwan wasu, kana fitar da rabon masu ruwa kafin ka taɓa naka. Na ce lallai dattijon nan ya san ya kamata, rabon mutanen gidan can ya kai. Wannan da ya bari kuwa, kifi a bokiti kusa da murhu ai ba ya bukatar tafinta. Kuma abin kunya ne babba ya kama kifi, ya dawo a gajiye ya tarar da yaro zaune bai gyara ba. Na ji wani farin ciki ya taso mini. Shekara da shekaru ban iya yi masa magana ba, yau zan yi masa da hannuna. Na ce in ya ci ya ji daɗi, sai in durƙusa in roƙi abin da ya kawo ni.

Na naɗe hannun riga. Irin wannan kifi ba a sa masa wuƙa, farce ake sawa a matse cikin, a wurga a ruwa mai kyau. Aikin da na yi tun ban isa shiga makaranta ba, hannuna bai manta ba. Kafin butar shayi ta tafasa na gama da bokitin kaf. Na wanke, na barbaɗa gishiri, na bar mai ya yi zafi sosai, na riƙa zubawa kaɗan-kaɗan don kada su manne. Suka soyu rumus, ƙamshi ya cika kwarin har birai suka fara leƙowa daga kan duwatsu. Na juye a faranti, na yanka tumatir a gefe, na zuba yaji, na rufe. Har bokitin na wanke na kife. Sannan na koma nesa na zauna, ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa.

Ya dawo da bokitinsa babu komai, gumi ya jiƙa masa riga. Tun daga nesa na ga ya rage tafiya yana shaƙar iska. Ya dubi bokitin da ke kife, ya dubi farantin. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗaga murfin.

"Esh hada?" ya ce. "Mene ne wannan?"

Na durƙusa na ce, "Na ga an gaji ne, shi ne na gyara."

Ya mayar da murfin, ya zauna a kan tabarma, ya miƙe ƙafafunsa yana murza gwiwa. Na ɗago na dube shi, abin da ban taɓa yi ba. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Ya waladi, ɗana," ya ce, "wannan ruwan da kake gani, kafin wata ya mutu zai ƙafe ƙurmus. Duk abin da ke ciki tsuntsaye za su cinye, saura ya bushe a kan dutse. A sama akwai babban tafki, shi ba ya ƙafewa. Can nake kai su. Tun ina saurayi motata ta lalace a kusa da nan, na gangaro neman ruwa, na tarar da su suna birgima a taɓo, miskinai. Na kwashe su a hulata. Tun daga nan ban fasa zuwa ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunnuwana suka ɗau zafi, gishirin da ke hannuna ya fara yi mini raɗaɗi. Mutumin nan ya yi rabin safiya a cikin ruwa da ciwon gwiwa yana ceton rayuka, ni kuma na bi bayansa da kasko. Na tuna yadda ya rufe su da jiƙaƙƙen tsumma, yadda yake juye su a hankali. Komai a bayyane yake, tambaya ɗaya ta isa, ban yi ba. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito bai fi "Baba" ba.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "An riga an yanka, ba za a zubar da ni'ima ba. Ta'al. Yau kam ba za ka ce mini ka ƙoshi ba."

Na ja jiki na zauna a bakin tabarmar, ya jawo farantin tsakaninmu, ya yi bisimilla. Na sa hannu a faranti ɗaya da surukina. Da mahaifiyata ta gan ni a lokacin da ta rufe fuska. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kifin ya yi daɗi. Shi ma ya ci a hankali, yana tauna har ƙayar, bai yaba ba, bai kushe ba. Da muka gama ya suɗe yatsunsa ya yi hamdala, ya dubi kududdufin.

"Akwai saura da yawa," ya ce, "ni kuma ƙafata ta gama na yau."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tuɓe jallabiya a gabansa, na rage daga ni sai singileti da wando, na ɗauki labulen na shiga ruwa. Sai dai irin wannan jan ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, dole wani ya riƙe ɗaya bakin. Ya gane, ya taso ya zauna a kan wani dutse a gefen ruwan ya kama. Na ɗaura tsakuwa a gindin labulen don ya kwanta a ƙasa, na zagaya na fara koro su. Na ga zai ɗaga hannu da wuri, kifin za su zube ta ƙasa.

"Baba, sauke hannunka!" na ce da ƙarfi. "Danne da ƙafa! Kar ka ɗaga sai na ce!"

Sai da maganar ta fita na ji abin da na yi. Na daka wa surukina tsawa. Shi kuwa ya danne da ƙafa yana cewa, "Ɗayyib, to, ɗayyib," kamar yaron da aka sa aiki. Da muka ɗago, labulen ya yi nauyi, yana ta motsi. Ya saki wata dariya da ta amsa a cikin duwatsu. Ni ban iya dariya ba, idona kawai na sunkuyar na ci gaba da aiki. Muka yi ta ja har sai da na zagaya kududdufin ban ga mai motsi ba.

Ni na ɗauki bokitan biyu, yana gaba yana nuna mini inda zan taka. Tafkin yana bayan wani tsohon bango na duwatsu da aka tare kwarin da shi, ruwansa kore, mai sanyi har cikin ƙashi. Ya nuna mini kada in juye gaba ɗaya, in fara tsoma bokitin ruwan ya gauraya. Na yi yadda ya ce. Suka fita suka tsaya cak kamar ba su yarda ba, sannan suka nutse suka kama duwatsun ƙasa.

Muka zauna a bakin ruwan. Yana kallon ruwan ya fara magana.

"'Ya'yana maza ba ruwansu da wannan, dariya suke mini. Da aka ce mini kai ɗan masunta ne, na ce Allah ya kawo wanda zan bar wa. Na ce in na nuna maka wurin nan, wataƙila ka so shi, ka zauna." Ya share fuska da gefen rawaninsa. "Na san abin da ke bakinka tun da muka fito daga gida. Faɗi, ina ji."

Da safe na shirya kalmomi masu kyau, har da ayoyi. Yanzu ga ni a jiƙe, ƙamshin suya bai bar hannuna ba, zan roƙi mutumin da na yi wa ɓarna ya ba ni abin da ya fi so a duniya. Na ce, "Baba, ina so in koma gida. Mahaifiyata ta tsufa. Ina roƙon ka bar ni in tafi da ita, ka sa mana albarka." Iyakar abin da na iya ke nan.

Ya gyaɗa kai. "Uwa ta fi kifi," ya ce. "Ku tafi, Allah ya yi muku albarka. Abu ɗaya: yarinyar nan ba ta san ƙasarku ba. In ka ga ta yi shiru, kar ka zauna ka yi wa kanka bayani. Ka tambaye ta."

Na ce to. Ban taɓa jin nauyin kalmar nan ba sai ranar.

Muka gangaro Makka da la'asar sakaliya, zafi ya tare mu tun daga gindin dutse. A hanya bai ƙara tayar da maganar ba, ya koma labarin alhazai. Matata na tsaye a ƙofar gidansu tana jiranmu, ta kasa zama a ciki. Ta dubi wandona mai taɓo, ta dubi mahaifinta. Ina jiran ya ba da labarin a yi mini dariya har in bar ƙasar, don na cancanta. Sai ya fito daga mota ya ce mata, "Mijinki ya iya suya. Ki fara haɗa kaya."

Ta yi wata 'yar ƙara ta murna, ta kama hannuna a gaban mahaifinta, tana tambayata me na ce masa, yaya aka yi. Shi kuwa ya buɗe bayan mota ya ɗauki bokitansa, ya ƙi bari in karɓa. Ya shiga ya fara hawa matakala, hannu ɗaya a jikin bango, yana ɗaga ƙafa ɗaya ya jira ɗayar. Matata ta juya tana kallon bayansa. Na ji hannunta ya saki nawa a hankali.

"Wa zai riƙa kai masa magani?" ta ce.

Ba ni ta tambaya ba. Muka tsaya a ƙofar muna jin ƙarar bokitan suna bugun matakala har ya kai sama.